Kanwa Uwar Gami: Faifan Tangaran da Ke Tayar da Firji

A bayan mafi yawan firjin da ake sayarwa ko ake gyarawa a Adum, tsakiyar kasuwancin birnin Kumasi, akwai wani ɗan baƙin akwatin roba maƙale a jikin kwamfuresa, girmansa bai ɗara akwatin ashana da yawa ba. Masu gyara suna ce masa rile. Wanda ya fasa shi yana tsammanin ganin naɗaɗɗiyar waya da ƙarafa masu motsi, irin na tsofaffin firji, zai sha mamaki, domin abin da ke ciki faifai ne guda ɗaya tak, mai launin toka da duhu, faɗinsa kamar na tsabar kuɗi, an shafe fuskokinsa biyu da ƙarfe. Tangaran ne, ɗan'uwan kofin shayi, kuma a tanda aka gasa shi kamar yadda ake gasa kofin. Amma ranar da ya tsage, firjin mai sayar da ruwan sanyi ko ɗanyen kifi ya tsaya ke nan, jarin da ke ciki kuma ya kama hanyar lalacewa.

Injin kwamfuresa yana da naɗin waya biyu, na tafiya da na tashi. Turi kawai ake bukata daga naɗin tashi, irin turin da ake yi wa mota mai mataccen batir. Da zarar inji ya kama, dole a yanke masa wuta, in ba haka ba ya yi zafi ya ƙone. Faifan nan shi ne mai yankewa. Yana sanyi, wuta tana ratsa shi cikin sauƙi ta isa naɗin tashi. Wutar da ke ratsa shi kuwa ita ke ɗumama shi, kuma cikin kamar daƙiƙa ɗaya zafinsa ya haura digiri 120 a ma'aunin Salshiyos. A nan halinsa yake juyawa. Abin da ya bar wuta ta wuce ɗazu sai ya tare ta, har ba abin da ke silalewa sai ɗan kaɗan da zai riƙe shi da zafinsa muddin inji yana tafiya. Babu hannun da ya taɓa shi, babu maɓallin da ya motsa.

Kafin a shiga dalilin wannan hali, akwai maganar kalmomi, wadda ita ce ta fi shafar ɗalibin Hausa. Game da wutar lantarki, abubuwa iri uku ne. Akwai masu isar da ita, kamar jan ƙarfe da alminiyom. Akwai masu tare ta, kamar roba da gilashi da busasshen katako. Sai na uku, wanda masana ke kira semikondakta. An sha fassara shi da "mai rabin isarwa", fassarar da ta bi harafi ta bar ma'ana, domin tana sa mai karatu ya zaci wata raguwar waya ce mai kai rabin saƙo ta zubar da rabi a hanya. Darajar semikondakta tana cikin sauyawarsa: isarwarsa tana bin zafi, ko haske, ko ɗan abin da aka barbaɗa masa. "Mai isarwa bisa sharaɗi" ya fi kusa da gaskiya, ko da yake ya fi tsawo a baki. Ita kuwa ƙin barin wuta ta wuce, wadda ake aunawa da om, Hausa tana da kalmar da ta dace da ita tun asali, watau turjiya, daga aikatau "turje". Jaki yana turjewa a bakin rafi, ya kafe ƙafafu, a ja shi ya ƙi. Lambar da ake gani a jikin rile, 15 ko 22 ko 33, turjiyar faifan ce da om lokacin da yake sanyi. In ya yi zafi takan ninka sau dubbai, a wasu irin ma har sau miliyan.

Tushen faifan wani haɗin sinadarai ne na bariyom da titaniyom da iskar oksijin, wanda ake rubutawa BaTiO3, ake kira bariyom-titanet. Sunan bariyom daga kalmar Girkanci ta "nauyi" ya fito, saboda nauyin dutsen barait da ake samo shi a ciki, irin wanda ake haƙa a Azara ta Jihar Nasarawa. Humphry Davy na Ingila ne ya fara ware shi a 1808, shekara guda bayan ya ware sodiyom. Shi kuwa bariyom-titanet ɗan Yaƙin Duniya na Biyu ne. An gano halinsa a Amurka da Rasha da Japan kusan lokaci guda, kowa bai san da aikin ɗan'uwansa ba, a lokacin da ake neman abin da zai maye gurbin dutsen maika wajen adana caji a na'urorin sadarwa. Abin lura shi ne, tsantsarsa ba ya isar da wuta ko kaɗan. Mai tarewa ne, kuma a wannan matsayi ne ya cika duniya: kowace wayar zamani da ake buɗewa a rumfunan gyara na unguwar PZ a Adum tana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan ma'adanan caji, waɗansu ba su kai ƙwayar gero ba, kuma akasarinsu da shi aka yi su.

A shekarun 1950 ne masu bincike na kamfanin Philips a Holan suka ga cewa in an barbaɗa masa wani baƙon sinadari kaɗan, yana komawa mai isarwa. Lissafin abin mai sauƙi ne. Kowace zarrar bariyom tana zaune a gurbinta da caji biyu. In aka cire ta aka sa zarrar lantanom mai caji uku, sai a sami rarar elektiron ɗaya, watau ɗaya daga cikin 'yan aiken da ke ɗauke da wutar lantarki, wanda ba shi da mazauni, yana yawo a cikin tangaran. Zarra biyu ko uku cikin dubu sun isa. Launin abin ma yakan sauya daga fari-fari zuwa shuɗi mai duhu. In kuma aka zarce wannan ɗan ƙiƙi, aka ce bari a ƙara don ya ƙara kyau, sai tangaran ya koma mai tarewa kamar da. Duk mai dafa wake ya san irin wannan ma'auni a kanwa.

Saura babbar tambaya, wato me ya sa zafi ke rufe hanya. A yawancin semikondakta akasin haka ne ke faruwa: suna ɗumi, isarwarsu tana ƙaruwa. Amsar tana da sassa biyu, na farko a cikin ginin zarra, na biyu a kan iyakoki.

A ɗauki ginin kamar ɗaki mai kusurwa takwas. Bariyom yana kowace kusurwa, oksijin yana tsakiyar kowane bango da rufi da daɓe, titaniyom kuma yana tsakiyar ɗaki. Irin wannan tsari ana kiransa ferobsikait, daga sunan wani dutse da aka samo a tsaunukan Ural na Rasha a 1839. Ƙasa da digiri 120, titaniyom ba ya zama a tsakiya sosai. Yakan ɗan gusa gefe guda, ɗakin kuma ya ɗan miƙe da kamar kashi ɗaya cikin ɗari. Wannan 'yar gusawa tana sa kowane ɗaki ya sami gefe mai caji tabbatacce da gefe mai caji korau, maƙwabta kuma su jeru suna fuskantar alƙibla ɗaya. Da zafi ya haura wannan mataki, girgizar zarra takan rinjayi jeruwar, titaniyom ya koma tsakiya, bambancin gefe da gefe ya ɓace. Matakin da hakan ke faruwa shi ake kira iyakar Kuri, don tunawa da Pierre Curie na Faransa, wanda ya yi nazarin irin wannan juyi a ƙarfen maganaɗisu.

Sashe na biyu zai fi sauƙin fahimta ga wanda ya san yadda Hausawa suka zo Kumasi tun farko. A ƙarni na 19 ayarin fatake yakan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya bi ta Jega, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu da Sansanin Mango da Yandi, ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja bayan watanni, ya sayi goron Asante ya juya. Tafiyar daji tana da wahalarta, amma abin da ke yanke wa madugu hukuncin riba ko asara shi ne iyakoki: kowace ƙasa da sarkinta, kowane kogi da kuɗin fitonsa, kowane gari da ƙofarsa. In masu ƙofa sun sassauta, ayari ya wuce. In sun tsananta, ko hanya ta yi kyau kamar tafin hannu, ayari ya yi zango a bakin ganuwa. Asante ma ta daɗe tana tsayar da fataken arewa a kasuwannin iyaka irin su Salaga. Sai bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, aka kuma yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, sannan zangon Kumasi ya bunƙasa, kalmar "zango" ta zama Zongo a bakin mutanen ƙasar.

Haka faifan yake. Tangaran tarin ƙananan ƙwayoyi ne da wuta ta manne, kowace ƙwaya ba ta kai kaurin gashin kai ba. Cikin ƙwaya hanya a buɗe take ga elektiron, da sanyi da zafi. Amma a fatar kowace ƙwaya akwai oksijin da ya maƙale lokacin da tangaran ke hucewa a tanda, shi kuwa yana kama elektiron ya riƙe, cajin waɗanda aka kama kuma yana korar masu zuwa a baya. Ganuwa ke nan. Ƙasa da iyakar Kuri, jeruwar ɗakunan nan tana shanye cajin ganuwar, ta zama gajeriya, a tsallake ta ba wahala. Sama da iyakar, mai shanyewa ya tafi, ganuwa ta miƙe a kowace iyaka a lokaci guda, kuma kafin elektiron ya ratsa faifan daga fuska zuwa fuska sai ya haye ɗaruruwansu. Walter Heywang na kamfanin Siemens ne ya tsara wannan bayani a 1961, Jonker na Philips ya cike shi a 1964. Hujjar da ta fi gamsarwa ita ce, in aka yi gwajin da dunƙulallen lu'ulu'u guda na wannan sinadari, wanda ba shi da iyakoki a cikinsa, turjiyar ba ta tashi. Halin da ake sayen faifan dominsa yana zaune ne a wurin da mai neman kamala zai kira aibi.

Mazauna Kumasi sun san wani ɓangare na wannan ilimi a aikace, ko da ba da sunansa ba. A shekarun dumsor, daga 2012 zuwa 2016, wanda ya fi tsanani a 2015, an koyi cewa wutar da ta ɗauke ta dawo nan take ta fi wadda ta daɗe haɗari ga firji. Kalmar ma daga Tuwi take, "kashe" da "kunna" a haɗe. Dalili shi ne faifan yana bukatar 'yan mintoci kafin ya huce ya sauko ƙasa da iyakarsa. In wuta ta dawo yana da zafi, ƙofa a rufe take, naɗin tashi ba ya samun komai, ga kuma matsin iskar gas bai daidaita ba. Sai inji ya yi ta gurnani bai juya ba, har na'urar kariya ta yi ƙas ta yanke. In abin ya yi ta maimaituwa, kwamfuresa ce ke biyan bashin. Shi ya sa ake sayar da 'yar na'urar jinkiri da ke hana wuta shiga firji sai bayan wasu mintoci, kuma shi ya sa mai gyara na ƙwarai ba ya auna rile da mita sai ya huce. Kafin ma ya ɗauko mita yakan kai akwatin kusa da kunne ya girgiza. In ya ji ƙaras-ƙaras, faifai ya farfashe.

Digiri 120 ya wadatar da wasu ayyuka, bai wadatar da wasu ba. Irin wannan faifai shi ne ke ɗumama na'urar maganin sauro ta lantarki, da abin miƙar da gashi na ɗakunan kitso, da na'urar ɗumama motoci masu batir a ƙasashen sanyi, domin abin ɗumamawa ne da ba ya wuce iyakarsa: yana kai wa gare ta ya rage wa kansa wuta. Don a saukar da iyakar, sitirontiyom ake sawa a gurbin wani kaso na bariyom. Don a ɗaga ta kuwa, shekara da shekaru magani ɗaya aka sani, wato dalma. Dalma-titanet tana da iyakar Kuri wajen digiri 490, don haka gwargwadon yadda aka ƙara ta, gwargwadon yadda iyakar haɗin ke hawa.

Ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani a kan dalma ba tun bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400. Adalci ne a faɗi cewa dalmar da ke cikin faifan tangaran kaɗan ce, kuma a ɗaure take, ba a kwatanta ta da ta batirin mota ko ta gilashin tsohon talabijin. Sai dai ƙarshen kayan lantarki a Ghana sananne ne. Guduma da wuta ne, a Dagomba Line ta Kumasi, da Agbogbloshie ta Ankara kafin a rushe ta a 2021, kuma masu riƙe da gudumar galibi samari ne 'yan arewacin ƙasar da ke kwana a unguwannin zango. Ƙasar ta hana shigo da tsofaffin firji tun daga farkon 2013, amma waɗanda suka riga suka shigo sai sun mutu a nan. Tarayyar Turai ta kafa dokar rage dalma a kayan lantarki a 2003, ta fara aiki a Yulin 2006, amma ta yi rangwame ga dalmar da ke cikin irin wannan tangaran saboda rashin madadi, kuma an yi ta sabunta rangwamen.

A neman madadin ne sodiyom ya shigo. Tun wajen 1960 Smolenskii da abokan aikinsa a Leningrad suka haɗa wani ɗan'uwan bariyom-titanet wanda rabin gurbin bariyom bismut ne, rabi sodiyom, iyakarsa kuma tana wajen digiri 320. Hikimar tana cikin lissafi: sodiyom caji ɗaya gare shi, bismut uku, in an haɗa an raba biyu sai a sami biyu, daidai da na bariyom. Su biyun suna iya zama a kujerun bariyom biyu ba tare da ginin ya ji an yi masa canji ba ta fuskar caji. A 2005 masu bincike a Japan suka nuna cewa in an sa kashi 5 cikin ɗari na wannan haɗi a bariyom-titanet, iyakar Kuri tana hawa zuwa wajen digiri 170, turjiya kuma tana tashi kamar yadda ake so, ba tare da ƙwayar dalma ba.

Hanyar da sodiyom ke shiga tandar ita ce farin garin sodiyom-kabonet, kuma wannan gari shi ne zuciyar kanwa. Turancin Afirka ta Yamma yana kiran kanwa da sunan fotash, alhali fotasiyom ɗin cikinta kaɗan ne ƙwarai. Sodiyom ne jigonta. Alamar Na da ake rubuta wa sodiyom ma daga natron ta fito, sunan kanwar da Misirawa ke ɗiba a Wadi Natrun tun zamanin Fir'auna. Kanwar Tafkin Chadi da ta ƙasar Manga tana cikin manyan kayan da jakunan ayari ke kaiwa Salaga, kuma dangin sunanta suna nan a bakin maƙwabta: kaun a Yarabanci, akanwu a Ibo. Har yau ana jefa ta a tukunyar waakye da ake sayarwa da safe a titunan Adum, abincin da sunansa ma "wake" ne ya sha hanya.

Hausawa sun ce kanwa uwar gami, kuma ba yabo suke nufi ba. A tanda ma haka take. Ana gasa wannan tangaran a zafin da ya kai digiri 1,300, sodiyom da bismut kuwa duka biyun suna tururi su gudu kafin a kai can, kuma ba sa gudu daidai wa daida. In bismut ya fi gudu, sodiyom ya yi rara, to kowace zarrarsa da ta zauna a gurbin bariyom ba abokin rakiya tana da giɓin caji ɗaya, sai ta haɗiye elektiron ɗin da lantanom ya bayar. Tunda 'yan aiken duka biyu ne ko uku cikin dubu, ɗan kuskure kaɗan ya isa ya cinye su, faifai ya fito daga tanda yana tare wuta tun yana sanyi, ba shi da amfani. Gwargwadon yadda aka ƙara kason sodiyom da bismut don ɗaga iyaka, gwargwadon yadda wannan matsala ke tsananta. Dabarar da aka fi bi ita ce a gasa shi a cikin iskar naitirojin, inda babu oksijin, don cikin ƙwayoyi ya zama mai isarwa, sannan a sake ɗumama shi a iska a zafin da bai kai na farko ba, don oksijin ya koma kan iyakoki ya gina ganuwa. Gashi biyu ke nan a maimakon ɗaya, da tsadarsa, kuma sai an tabbatar faifan zai riƙe turjiyarsa ta sanyi shekara da shekaru yana zafi yana hucewa, abin da mai dalma ya daɗe da nunawa.

Kada kuma ɗalibi ya ɗauka kanwar kasuwa za a daka a zuba. Ungurnu da jar kanwa da farar kanwa duk suna tafe da gishiri da salfet da yashi, kowane tafki da nasa gwargwado, wanda shi ne ma ya bambanta ɗanɗanonsu da farashinsu tun zamanin fatake. Tangaran da zarra uku cikin dubu ke juya halinsa ba ya ɗaukar irin wannan rakiya, don haka masana'antu da tataccen gari suke aiki, wanda aka auna tsarkinsa kafin a buɗe buhu.